TUNAWA DA BABA SARJAN, NAMIJIN JIYA KUMA UBAN GIDA

Jawabin da kwamitin ƙungiyar ƴan garinmu ya karanta gaban jama'a ranar sadakar arba'in. Mun buga shi nan saboda ƴan uwa na bida waɗanda ba su samu zuwa ba.



Mai gari da dattawan gari, liman da malamai, iyayenmu mata da ke zaune bayan darni suna saurare, ƴan uwa da sunka taso daga Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, da waɗanda sunka ƙetaro daga Katsina da Kano, muna yi maku barka da zuwa, muna kuma yi ma juna gaisuwar rashi. Yau kwana arba'in ke nan da Allah ya karɓi ran Baba Sarjan. Allah shi jiƙan shi, shi sa ya huta, shi ba iyalinshi hanƙuri.

Kwamiti ya ga bai kamata a watse da addu'a da rabon sadaka kaɗai ba. Matasanmu da yawa sun tashi sun tarar da wani tsoho mai tsayuwa miƙe kamar sanda, wanda ke share ƙofar gidanshi tun rana ba ta hito ba. Suna gaishe shi, suna jin tsoron muryarshi, amma ba su san ƙasashen da ya taka ba. Saboda haka munka buɗe akwatin ƙarhen da shike aje takardunshi, da izinin iyali, munka zauna da Inna matarshi da ɗiyanshi da sauran tsararrakinshi, munka tattara abin da za ku ji yanzu. Akwai kuma aikin da ya rage a wuyanmu, za mu faɗe shi a ƙarshe, kuma muna roƙon kada kowa shi tashi sai ya ji shi.

YADDA AKE ƊAUKAR SOJA ZAMANIN NASARA

Sai mun fara da wanga, don yaran yanzu sun saba ganin samari na layi da takardunsu suna neman a ɗauke su soja. Zamanin Nasara gudu ake yi.

Tun shekara ta 1857 Gwamna Faidherbe ya kafa rundunar baƙaƙen sojoji a Sanigal. Daga nan ne sunan ya bi kowa: Bagobiri ne kai, Bakatsine ko Ba'adare, in ka sa kakin Faransa sunanka tirayar Sanigal. A yaƙin duniya na farko, daga 1914 zuwa 1918, an kwashi wajen mutum 200,000 daga ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa, kuma wajen 30,000 ba su komo ba. Da anka gama yaƙin, a 1919, sai anka mai da ɗaukar soja doka ta kowace shekara, aikin shekara 3. Kumandan shi aika ma sarki yawan samarin da shike so, sarki shi raba ma masu gari, mai gari shi shiga gida gida. A tara samari a hili, likita shi duba haƙora da ƙirji da ƙafa, sa'annan a yi ƙuri'a. Wanda ta faɗa ma, ya zama soja. Cikin waɗanda sunka rage akwai kashi na biyu, su ana iya tura su aikin hanya da gine-gine, kuma ba a bar wanga ba sai 1950. Shi ya sa da an ji labarin masu ɗaukar soja sun kusa, wasu samari su kan ƙetara ƙasar Ingilishi su laɓe wajen dangi sai ƙura ta lafa. Dattawa da ke nan sun san kuma ba kasafai ɗan babban gida ke shiga wanga layi ba.

Ranar 11 ga Afrilu 1946 anka soke aikin tilas, da dokar da Houphouët-Boigny na Kodibuwa ya kai gaban majalisar Faransa. Lokacin Baba shina yaro mai kiwon awaki. Aikin tilas ya ƙare, amma ɗaukar soja ta ci gaba.

Da ya kai saurayi sai layi ya zo gidansu. Su biyu ne maza wajen ubansu. Wanshi ne ke riƙe da gandu, shina da mata da jinjiri, uban kuma ido ya fara yi mashi rauni. In wan ya tahi, gida ya faɗi. Inna ta ji daga bakin uwar mijinta cewa daren nan ba wanda ya ci tuwo. Da sahe ƙanen ya ɗauki sandarshi ya tahi ƙofar mai gari ya ce a rubuta shi. Likita ya duba shi ya ce lahiyayye ne, ƙuri'a kuma ta faɗa mashi. Magatakarda ya dube shi sama da ƙasa ya ƙiyasta mashi shekaru, kamar yadda ake yi ma duk wanda ba shi da takardar haihuwa. Wanga ne aiki na farko da Baba ya yi ma iyalinshi, tun bai yi aure ba.

DAGA DAMAGARAM ZUWA ALJERIYA

A barikin Damagaram anka aske mashi kai, anka ba shi lamba da kaki da takalma masu nauyi. Can ya koyi faretin soja da harbi da Faransancin bariki. Waɗanda sunka horas da shi, da yawansu ba su daɗe da komowa daga Indosin ba, inda Faransa ta sha kashi a Dien Bien Phu ranar 7 ga Mayu 1954. Wata shida bayan wanga, ranar 1 ga Nuwamba 1954, wuta ta tashi a Aljeriya.

Kamiyo ya kwashe su zuwa Yamai, daga nan Gaya, sunka ƙetare kogin Kwara zuwa Paraku, sunka shiga jirgin ƙasa har Kwatano, sa'annan jirgin ruwa. Yaron da bai taɓa ganin ruwan da ya hi tabkin damina ba ya yi kwana da kwanaki bai ga tudu ba. Sun sauka Faransa, anka aje su a sansanin Firejus inda aka saba aje sojojin Afirka, daga baya anka ƙetara da su Aljeriya.

Iyalinshi sun shaida cewa labarin jirgi da na sanyi shi kan ba da su da dariya: yadda ƙanƙara ke sauka bisa duwatsu fara fat kamar kaɗa, yadda yatsu ke ƙin lanƙwashewa in za a yi alwala, yadda sunka riƙa musanya kason giyarsu da sukari da sabulu. Amma in an zo ga labarin yaƙin kanshi sai shi yi shiru, ko shi aiki yaro ɗebo ruwa.

Ya kamata mu faɗi dalili a hili, tunda mu manya ne. Mutanen da anka tura su yaƙa Musulmi ne, talakawa masu noma da kiwo, masu neman ƙasarsu. An riƙa kwashe ƙauyuka ɗungum ana tara mutanensu cikin sansani mai waya, don kada su ciyar da ƴan tawaye. Soja shi kan kwana bisa dutse shina gadi, da asuba shi ji kiran salla na tasowa daga ƙauyen da anka ce shi kewaye. Sau ɗaya tak, inji babban ɗanshi, ya taɓa buɗe bakinshi bisa wanga, ranar da ɗan ya ce shina son shiga soja. Ya gaya mashi cewa ya ga wata tsohuwa ana hidda ta daga ɗakinta tana riƙe da tukunya, kamarta ɗaya da uwarshi, kuma tun ranar bai sake jin daɗin kakin da ke jikinshi ba. Bai hana ɗan ba. Ya ce dai shi tabbata tutar da za shi tsaya ƙarƙashinta ta ƙasarshi ce.

Faransa kanta ta daɗe tana kiran abin aikin kwantar da tarzoma. Sai a dokar 18 ga Oktoba 1999 ta yarda a rubuce cewa yaƙi anka yi. An tsai da wuta ranar 19 ga Maris 1962, Aljeriya ta yi bukin mulkin kai ranar 5 ga Yuli na wannan shekara.

Mun san tun da sojojin Faransa na ƙarshe sunka bar Nijar a watan Disamba 2023, akwai samari da ke kallon irin su Baba kamar ƴan koren Nasara. Muna roƙon su auna maganar. Wanda anka rubuta da ƙarhin doka, don wanshi shi zauna shi riƙe gida, ba shi ya zaɓi yaƙin ba. Janar Seyni Kountché, wanda ya riƙe ƙasar nan daga 15 ga Afrilu 1974 har rasuwarshi ranar 10 ga Nuwamba 1987, shi ma ya sa kakin nan, ya je Indosin da Aljeriya. Kuma waɗanda Nasara ya fara cuta su ne sojojin nan nashi. A Caroy, kusa da Dakar, ranar 1 ga Disamba 1944, an buɗe wuta bisa tirayar da sunka komo daga kurkukun Jamus don sun nemi a biya su kuɗɗinsu. Faransa ta daɗe tana cewa mutum 35 sunka mutu, masu binciken tarihi sun ce sun hi haka nesa, kuma sai a Nuwamba 2024 shugaban Faransa ya kira abin kisan kiyashi.

Duk tsawon zamanshi can, manda ba ta yanke ba. In an biya su, sai shi cire na sabulu da na tambarin wasiƙa, sauran shi aiko ta gidan waya da sunan ubanshi. Da kuɗɗin nan anka riƙa biyan lanhon gida duka, anka sayi saniya biyu, anka yi ma ƙanwarshi kayan ɗaki. Da shekara ukunshi ta cika ya ƙara sa hannu, don ya ga gida na buƙata. A hutun da anka ba shi tsakani ne anka ɗaura mashi aure da Inna, ya yi ƴan watanni ya koma, ya bar ta wajen uwarshi.

SOJAN ƘASA

Nijar ta zama jamhuriya ranar 18 ga Disamba 1958, ta samu mulkin kai ranar 3 ga Agusta 1960 ƙarƙashin Diori Hamani. A 1961 anka tsai da rundunar sojan ƙasa, kuma ƙashin bayanta su ne ƴan ƙasa da anka maido daga rundunar Faransa. Baba na cikinsu. Ya shigo da igiyar kafaral, ya hita da ta sarjan, sunan da ya bi shi har kabari. Ya zauna Agadas, ya zauna Gigimi, ya zauna Tawa, mahi yawan aikinshi horas da sabbin shiga.

Waɗanda sunka bi ta hannunshi sun ce shina da zahi bisa abu biyu: tsabtar bindiga da rabon abinci. Bai yarda a taɓa kason ƙaramin soja ba, kuma shi ne na ƙarshe ga cin abinci. Duk barikin da anka kai shi, da Inna da ɗiya shike tahiya, ko da ɗaki guda za su samu. Abokan aikinshi da yawa sun bar mata a ƙauye sun sake wani gida a birni. Shi ya ce wanda ya yi shekaru bai ji kukan ɗanshi ba ya san tsadarshi.

KOMOWA GIDA

Da ya aje kaki an yi mashi tayin gadi a kantunan Maraɗi, ya ƙi. Ya komo gari ya karɓi hauya. Wanshi ya rasu ba da daɗewa ba, ya bar ɗiya ƙanana. Baba ya rushe darnin da ke tsakanin sassan biyu, ya ce daga yau tukunya ɗaya ce. Waɗanda sunka tashi cikin gidan suna nan zaune, sun ce sai da sunka girma sunka rarrabe wa ya haihi wa, don in an ɗinka rigar salla, yadi ɗaya ake yankawa.

Ku dattawa kun tuna farin 1973 da 1974, yadda bisashe sunka ƙare, mutanen arewa sunka gangaro ba su da komi. Kun tuna yadda gujiya, wadda da ita muke biyan lanho, ta lalace a 1975. Kun tuna 1984, shekarar da munka sa ma suna El Buhari, da ga fari ga Najeriya ta ruhe iyaka tun watan Afrilu, ba a buɗe ba sai 1986. Gidaje da yawa sun watse a shekarun nan, maza sunka bi hanya, wasu ba su waiwayo ba. Gidan Baba bai watse ba, kuma ba sihiri ya yi ba. Tun daga bariki ya zo da ɗabi'ar lissahi. Kowace kaka shi kan ƙirga damman da anka ɗaure, shi ware rumbun tsimi wanda ba a taɓawa sai an ga sabon hatsi ya nuna. Kowace sahiya shi da kanshi ke auna ma mata tiyar da za a daka. Shekarun ƙoshi mutane sun yi mashi dariya, ana cewa Sarjan na ƙirga ƙwayar gero. Da yunwa ta zo, daga rumbun nan anka ci, kuma maƙwabta sun shaida cewa bayan isha'i a kan ga yaro ya shigo masu da ƙwarya a ruhe, a ce Inna ta aiko, ba a ambaci sunanshi ba.

Haka shike da itace. Tun 1975 anka riƙa dashe ranar 3 ga Agusta, kuma a 1984 anka yi babban taron yaƙi da hamada a Maraɗi. Lokacin da ma'aikata sunka fara yawo suna koya ma mutane sassaben zamani, wato a bar tohon kututture shi girma a gona maimakon a ƙone shi, Baba na cikin waɗanda sunka fara karɓa. Ku je gonarshi ta gabas ku ga gawo da kalgo da aduwa. Gawo na zubda ganye da damina, ba ya tare ma hatsi rana, da rani kuma bisashe su sha inuwa su ci ƴaƴanshi su bar taki. Yau matan gidan ba su tahiya nesa neman icen girki.

Ga maganar lakwal. Lokacin da mutane ke ɓoye ɗiyansu cikin rumbu in mushe ya zo rubuta yara, shi ya kai nashi da hannunshi, maza da mata, har da na wanshi. An yi mashi surutu ƙwarai bisa ɗiya mata. Amsarshi ita ce ya ga yadda ake cutar wanda bai iya karanta abin da ya dangwala ma hannu ba. Da sahe lakwal, da maraice allo, bai yarda ɗaya ta kori ɗaya ba. Cikin ɗiyan nan mata akwai wadda ta zama ungozomar likita, kuma da yawa cikin yaran da ke wasa can bakin masallaci ita ta karɓi haihuwarsu.

Ku ƴan bida na da, ku kun hi kowa sanin wani aikin nashi. Kahin salula ta zo, wasiƙarku daga Abijan, Kumasi, Ikko ko Libiya hannunshi take faɗawa. Shi ke karanta ma matanku da iyayenku, shi ke rubuta amsa, shi ke raka tsoho gidan waya karɓar manda. Shekara da shekaru asirin gidaje na bi ta bakinshi, ba a taɓa jin ɗaya a dandali ba. In ya ga mutum ya daɗe bai aiko ba, shi kan ƙara layi biyu nashi na kanshi a ƙasan wasiƙa. Akwai waɗanda ke zaune nan da sunka karɓi layukan nan, sun san zahinsu.

Bai hana kowa bida ba, ya san ƙasa ba ta ci da mu wata goma sha biyu. Abin da ya tsana shi ne a tura mata da ƙananan yara bara cikin hamada. Da labari ya zo a watan Oktoba 2013 cewa an tsinci gawar mutum 92 a arewacin Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, mahi yawansu mata da yara da ƙishirwa ta kashe, ya tara mazan gidanshi ya ce muddin shina da rai ba mace ko yaro na gidan da za shi bi hanyar nan. Ya san ƙasar, ya san nisanta.

Zamanshi da Inna kuma, mata sun hi mu sani. Sun ce bai taɓa ɗaga mata murya gaban ɗiya ba. Shekarun baya da ciwon ƙafa ya kama ta, shi ke ɗora mata ruwan zahi da asuba, tsoho da hurhura shina hura wuta, jikoki na leƙe suna dariya.

MAGANAR FANSIYO

Nan muke son a saurara da kyau, don akwai darasi.

Ranar 26 ga Disamba 1959 Faransa ta yi dokar da ta ƙulle fansiyon sojojin ƙasashen da za su samu mulkin kai. Kuɗɗin sunka tsaya cik bisa abin da suke lokacin, alhali na Bafaranshen da sunka kwana rami ɗaya da shi na ƙaruwa shekara bisa shekara. Sai a dokar 9 ga Disamba 1974 anka yarda a ba waɗanda sunka yi Aljeriya katin mayaƙi. Mai katin nan, in ya tsufa, shina da ɗan kuɗɗin da ake biya sau biyu a shekara, amma na ƴan Afirka a ƙulle suke. Baba ya sha gaya ma ɗiyanshi cewa wani lokaci kuɗɗin mota zuwa karɓa su kan cinye rabin abin da za a karɓo.

Wani tsohon sarjan-shef na Sanigal, Amadou Diop, shi ya kai Faransa ƙara. Ranar 30 ga Nuwamba 2001 babbar kotun mulki ta Faransa ta ce wanga bambanci ya saɓa ma doka, amma shi mai ƙarar ya riga ya rasu. A 2006 anka nuna silima mai suna Indigènes bisa sojojin Afirka na yaƙin duniya na biyu, maganar ta sake tashi, sai gwamnatin Jacques Chirac ta daidaita kuɗɗin katin mayaƙi da na waɗanda sunka nakasa daga Janairu 2007. Ranar 28 ga Mayu 2010 kotun tsarin mulki ta rushe abin da ya rage na dokar ƙullewa, anka fara aiki da sabon tsari a Janairu 2011, shi ma wani sashe sai wanda ya rubuta ya nema. Ku ƙirga: shekara 50 da ɗoriya. Mazan jiya nawa sunka mutu suna jira?

Baba ya samu nashi don bai yar da ko guntuwar takarda ba. Littahin soja, katin mayaƙi, takardar sallama, takardar aure, duk suna cikin akwatin nan a naɗe cikin leda. Ya kuma bi ma abokanshi na garuruwan kewaye nasu, ya cika masu takardu, ya raka su biro. Waɗanda gara ta ci takardunsu, ko gobara, ba abin da ya iya yi masu, kuma wanga ya dame shi har ƙarshen ranshi.

ABIN DA YA RAGE A WUYANMU

Na farko, maganar Inna. Kuɗɗin katin mayaƙi na Faransa ba a gadonsu, sun tsaya ranar da ya rasu. Amma fansiyonshi na sojan ƙasa, matar mamaci tana da kaso ciki, in an kai takardu. Ana buƙatar takardar rasuwa daga meri, da takardar aure, da ta zaman iyali da ke nuna magada, da littahin fansiyo. Kwamiti ya ɗora ma reshen Maraɗi haɗa su, reshen Yamai kuma shi bi su biro har a gama. Kada mu bari tsohuwa ta riƙa hawa mota tana sauka. Kahin kuɗɗin su hito, asusun ƙungiya za shi riƙe cefanen gidan, don haka muna roƙon kowane reshe shi aiko da abin da ya sawwaƙa ta hannun ma'ajinshi kahin ƙarshen wata.

Na biyu, maganar gona. Gado hakkin magada ne, malamai za su raba yadda shari'a ta ce, ba mu da baki ciki. Roƙo dai muke. Mun ga gidaje a garin nan da anka raba gona, na birni ya sayar da kasonshi ma baƙo tun ba a share makoki ba, na gida ya koma ɗan ƙodago a gonar ubanshi. Ku ɗiyan Baba da ke bida, in buƙata ta kama ɗayanku, shi fara tayar da ɗan uwanshi. Kuma kowa ya samu wajen da itatuwan nan suke, shi tuna shekara nawa anka yi ana renonsu.

Na uku, takardu. Kowane gida da ke da tsohon soja, mai rai ko mamaci, a hiddo takardunshi a kawo ma magatakardan ƙungiya shi ɗauki hotonsu a aje, a maida ma masu su. Haka takardun haihuwa da na aure da na gona. Dalibanmu da ke zuwa hutu, ku zauna da dattawan da sunka rage ku ɗauki maganarsu cikin salula, ku rubuta. Za mu riƙa bugawa cikin wagga takarda kaɗan kaɗan.

Na huɗu, sojojin yau. Ɗiyan ƙasar nan na faɗuwa a Difa da Tilaberi. A Inates, ranar 10 ga Disamba 2019, an kashe soja 71. A Cinagodar, ranar 9 ga Janairu 2020, an kashe 89. Kowane ɗayansu ya bar uwa, da yawa sun bar mata da marayu. Kwamiti ya yanke cewa duk iyalin sojan garin nan da ya rasu bakin aiki, ƙungiya za ta bi masu takardu kamar yadda za ta bi ma Inna, kuma ta tabbata marayun ba su bar lakwal ba.

Na biyar, ku ƴan bida na yanzu. Baba shina ƙetaren teku, cikin yaƙi, wasiƙa na yin makonni a hanya, amma ubanshi bai taɓa jin kunya gaban mai karɓar lanho ba. Yau aika kuɗɗi ba ya ɗaukar awa guda, kiran gida kuma na cikin aljihunku. Akwai mata a garin nan da sunka shekara biyu ba kira ba aike, ba a sake su ba, ba a riƙe su ba. Mun san bida ba kullum take bada ba. Wanda bai samu ba shi kira shi faɗi gaskiya, ya hi shiru. Shugabannin rassa za su zauna da waɗanda abin ya shafa, a asirce, yadda marigayi ke yi.

Muna godiya ga mai gari da ya ba mu hili, da malamai da sunka sauke karatu, da matan da sunka kwana bisa murhu, da duk wanda ya kashe kuɗɗin mota ya zo. Waɗanda marigayi ke bi bashi, ko suke bin shi, su ga babban ɗanshi kahin a watse. Wanda ya taɓa ɓata ma rai, iyali na roƙon shi yahe mashi.

Allah shi gafarta ma Baba Sarjan da iyayenmu da sunka riga mu. Allah shi ba Inna lahiya da hanƙuri, shi haɗa kan ɗiyanshi, shi kare sojojinmu, shi ba ƙasarmu zaman lahiya da damina mai albarka. Allah shi maida kowa gidanshi lahiya.



Kwamitin ƙungiya